Kwalin da Inna Ta Hana a Buɗe

Ladan bai gama kiran assalatu ba Inna ta riga ta ɗaure tsaraba, tana tsaye a kanmu tana cewa mota ba ta jiran mai neman ɗankwali. Haka muka fito daga gidanmu a Gwarzo ranar Asabar gari bai gama wayewa ba, mu uku: Inna, da yayata mai karatun injiniyan kwamfuta a Kano, da ni. Na san wasu a cikinku za su yi dariya su ce daga Gwarzo zuwa Kabo ai ba tafiya ba ce. Ni dai tun da na yi wayo ban taɓa zuwa Gammo ba, garin su Inna. Kun matsa mini a aji in ba ku labari na kasa buɗe baki, to ga shi a rubuce.

Bari in fara da abin da ya kai mu. Kawun Inna, wanda muke kira Baba Malam, yana da Islamiyyar 'yan mata a Gammo. Bara wani ɗan garin ya ba makarantar tsofaffin kwamfutoci da sola, aka ware musu ɗaki guda. Sai dai babu komai a cikinsu, babu kuma mai sayen data, don haka ɗakin ya zauna a kulle. Da kaka ta gabato, iyayen yara suka ce a kwashe kwamfutocin a zuba masarar gonar makaranta a ɗakin. Yaya ta roƙi a ba ta hutun nan kawai. Ta ce za ta haɗa ɗan akwati mai ɗauke da littattafan lissafi da kimiyya da darussa masu hoto, a ja waya daga jikinsa zuwa kwamfutocin, yara su yi ta karatu ba tare da data ba. Baba Malam ya ce ya ji. Zai tara iyaye ranar Asabar bayan la'asar. In sun ga amfani, ɗaki ya zauna na 'yan mata. In ba su gani ba, buhu ya shiga.

Zuciyar akwatin wani ɗan allo ne kore, bai fi tafin hannuna ba, cike da ƙananan abubuwa kamar an watsa masa gero. Duk hutun nan a kan wani allo na aro Yaya ta yi aikinta, ni kuwa ina gefe ina kallo, har na san fuskarsa kamar ta 'yar gidanmu. Ita ta rubuta abin da suke kira direba, wato ɗan umarnin da ke koya wa allon yadda zai yi magana ta ƙofar da ake cusa wayar. Idan ya yi daidai, wata 'yar fitila koriya a bakin ƙofar sai ta fara ƙyaftawa. Da aikin ya kammala ta mayar da allon aro Kano, ta kwashe komai a ɗan katin memori, aka kawo mata sababbin alluna a kwalayensu.

Nan Inna ta shigo maganar. Yaya ta ɗauko reza za ta yanka kwali ta gwada, Inna ta riƙe mata hannu.

“Kai wa malami za ki yi, ki kai masa abu a farke kamar kwance? Shi zai buɗe da bisimillarsa.”

“Inna, gwadawa kawai zan yi.”

“Ba iri ɗaya ba ne da wanda kika wuni kina gwadawa? Mai kantin ai ya rantse miki. Ajiye rezar nan.”

Yaya ta ajiye. Inna ta naɗe kwali ɗaya a sabon zane, ta ɗaure shi kamar kayan biki, ta ce ni zan riƙe don ni ce ba na rawar kai.

A tasha muka karya da koko da ƙosai mai zafi. Mai ƙosan tana juya su da tsinke ba ta ko kallon kasko, idonta na kan masu sauka daga mota. Kuɗin mota ya ƙaru a kan yadda Inna ta sani, ta tsaya ta yi wa ɗan kamasho tarihin farashi tun daga zamanin aurenta, shi kuma yana cewa, “Hajiya, mai ne, ba ni ba ne.” A ƙarshe aka ɗan rage mata, ta shiga mota da fuskar wadda ta ci shari'a. Ni aka matse ni a jikin taga da kwali a cinya. Wata tsohuwa mai zuwa Masanawa ta dubi zanen ta tambaye ni ko turaren wuta ne. Na girgiza kai. Ta ce to ko kayan jarirai ne. Na sake girgizawa. Ta juya wajen Inna ta ce, “Wannan 'yar taki sai an saka mata kati take magana?” Duk motar aka yi dariya, har ni, amma a cikin hijabi.

Hanya kuwa ta yi kyau. Damina na ban kwana, ko'ina kore shar. Dawa ta yi tsayi har ta rufe wasu gidajen, sai rufin kwano kake hange. A gefen titi an shanya barkono a kan buhuna, ja wur, kaji na kewaya shi ba su taɓawa. Na lura duk inda direba ya rage gudu saboda rami, a nan 'yan talla suke tsayawa, kamar su suka haƙa shi. Yaya ta saya mana dafaffiyar gyaɗa ta taga, irin wadda gishiri ya ratsa har ciki. Duk ramin da muka faɗa sai ta waiwayo ta dubi cinyata, ni kuma in ɗaga kwalin sama kamar mai ɗauke da ƙwai.

A Kabo muka sauka muka nemi a-daidaita-sahu. Garin ya fi yadda na zata hayaniya, ga masu gasa masara a jere suna fifita gawayi da murfin kwali. Daga nan muka bar kwalta. Mai a-daidaitan saurayi ne mai son hira, ya san gonar kowa, yana tuƙi yana nuna mana wanda ya yi shuka da wuri da wanda ya makara. A wani kwari ruwa ya kwanta, sai da muka sauka muka taka, ni da kwalina a ka. Wasu shanu farare suka tsaya suna kallonmu har muka haye.

Ban san Inna tana da suna a duniya ba sai da muka shiga Gammo. Tun daga bakin gari mata ke leƙowa ta katanga suna kiranta da sunan yarinta. A gidan Baba Malam aka shimfiɗa mana tabarma a inuwar darbejiya, aka kawo fura da nono mai kauri wanda ludayi ke tsayawa a ciki. Maƙwabtansu asalinsu makiyaya ne, yanzu suna noma suna kiwo, daga gidansu nonon ya fito da safen nan. Wata jikar Baba Malam, sa'ata, ta zauna kusa da ni. Bakinta ba ya hutawa. Kafin in shanye furata na san tana son zama nas, na san ba ta taɓa ganin hoton zuciyar mutum ba sai zanen alli, na kuma san sunan akuyarta.

Baba Malam dogo ne siriri, gilashinsa ɗaure da zare a gefe ɗaya. Bayan gaisuwa mai tsawo ya dube ni ya ce, “Wannan ce mai rowar magana? To ki riƙe abarki, mu ma muna da tamu.” Sannan ya kai mu makarantar. Abin da na fara gani a ƙofar ɗakin kwamfuta shi ne buhunan masara, an jera su a jikin bango. Ma'ajin makarantar, wani dattijo mai fara'a, yana zaune a kan ɗaya. Ya ce wa Yaya, “Injiniya, ba gaggawa nake ba, na kawo su kusa ne kawai don kada su sha wahala.”

Bayan azahar aka yi buɗe kwali. Baba Malam ya kwance zanen a hankali, ya yi bisimilla, ya yanka, ya ɗago allon da yatsu biyu yana dubawa ta saman gilashi. Inna sai murmushi take, tana kallon Yaya kamar ta ce kin gani ko. Ya yi addu'a muka shafa, ya koma gida ya bar mu da aiki. Yaya ta saka kati, ta ɗaura allon a akwatinsa, ta cusa waya, ta kunna.

'Yar fitilar ba ta ƙyafta ba.

Ta zare waya ta mayar. Ta canza wata. Ta kashe ta kunna. Shiru. Sai ta jona kwamfutarta ta hannu, rubutu ya yi ta gudu, ta tsayar da shi a wani layi ta daɗe tana kallo. Ta ce direban ya nemi agogo bai samu ba, ya ƙi tashi.

Inna ta ce, “Agogo kuma? A aro na Malam mana.”

“Ba agogon duba lokaci ba, Inna.” Yaya ta nuna bayan katanga. A gidan da ke jikin makarantar mata na daka, ana jin lugude, taɓare uku a turmi ɗaya. “Kin ji su? Da ɗaya za ta saɓa bugu, sai taɓare su haɗu. Saƙon da ke bin wayar nan haka yake, dole akwai mai riƙe masa bugu. Wani ɗan ƙarfe ne a jikin allon, shi muke kira agogo. Ina jin ramukan hanya sun lalata shi.”

Ta zauna a benci ta dafe kai. In ya lalace, babu abin yi sai an koma Kano, buhunan kuwa ba za su jira Kano ba. Inna ta daina murmushi.

Ni kuma tun lokacin da Baba Malam ya ɗago allon wani abu ke damuna a fuskarsa, kamar ka ga wanda ka sani ya aske gira. Na matsa na leƙa cikin akwatin. A allon aro, kusa da ƙofar waya, akwai wani ɗan abu mai ƙyalli kamar ƙwayar shinkafa ta azurfa. Kullum shi nake fara gani idan rana ta shigo ta taga. A wannan babu shi. Sai ɗigo-ɗigon dalma a wurin, sumul, babu karce, babu alamar an taɓa ɗora wani abu. Na ɗauki kwalin na girgiza a kunnena, na zazzage ledar a tafin hannu. Babu abin da ya faɗo.

Na ja hijabin Yaya.

“Yaya, shinkafar nan babu ita.”

“Wace shinkafa, Auta? Don Allah ba yanzu ba.”

“Mai ƙyallin nan ta kusa da ƙofa. Ba faɗuwa ta yi ba. Ba a taɓa saka ta ba. Duba wurin.”

Ta dube ni, ta dubi allon, ta ɗauko wayarta ta haska ta ƙara girman hoton. Ta koma kwamfuta ta yi 'yan danne-danne. Sai kawai ta fashe da dariya, irin wadda ke zuwa bayan mutum ya kusa kuka, ta rungume ni har gilashinta ya karkace. Ta ce allon lafiyarsa ƙalau, sabon fitowa ne. Masu ƙera shi sun cire wancan agogon, sun bar babbar ƙwaƙwalwar allon ta riƙe bugun da kanta.

Ta yi wa Inna bayani da misalin matan nan masu daka. Wani lokaci akwai mai tafa wa masu daka, sai su bi tafinta. In babu mai tafi ba a fasa daka, babbarsu ce ke riƙe bugu. “Allon aro yana da mai tafi. Ni kuma da shi kaɗai na saba, sai na rubuta wa direba cewa in bai ga mai tafi ba kada ya ɗaga taɓarya. Shi ne ya zauna yana jira.”

Inna ta ce, “To goge wannan maganar, ki ce ya yi ta dakansa.”

Yaya ta ce a'a, ba za ta goge gaba ɗaya ba. Akwai sauran kwalaye a gida da za a kai wata makaranta a Masanawa, ba ta san wane iri ne a ciki ba. In mai agogo ne, kuma agogon ya lalace da gaske, direban da aka koya wa kau da kai zai tashi kamar lafiya, saƙo ya yi ta lalacewa a hanya, babu wanda zai san dalili. Don haka abu uku za ta koya masa. In allo ya ce shi ba shi da agogon, a ci gaba da bugun cikin gida. In yana da shi amma bai gama farkawa ba, a ɗan jira a sake tambaya. In yana da shi kuma ya lalace, a tsaya a faɗa ƙarara. Rubutun kaɗan ne, ta ce, amma kwamfutarta tsohuwa ce, sai ta ɗau lokaci tana haɗa shi kafin a mayar a kati.

Ana cikin haka aka kira la'asar.

Muna idar da salla muka ji muryoyin maza a waje. Ta taga na hango dattawa suna zama a tabarmi, ma'aji kuma har ya sa an kawo amalanken kwashe kwamfutoci. Kwamfutar Yaya na ta zubo rubutu, fankarta na kuka. Inna ta dubi kwalin da ta hana a buɗe, yana yashe a ƙasa. Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ce, “Ku yi aikinku. Ni 'yar garin nan ce, na daɗe ban gaida iyayena ba.”

Jama'a, ban taɓa ganin gaisuwa irin ta ranar ba. Inna ta durƙusa gaban dattijo na farko. Ina wuni, ina gajiya, yaya iyali, yaya damina, yaya ƙafar da aka ce tana ciwo. Ta tambayi matansa, ta tambayi 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya har da na Legas, ta yi ta'aziyyar wanda ya rasu tun ina goye, ta yi barkar jikan da yanzu yake gudu. Da ta ga zance zai ƙare sai ta ce, “Af, ina jan bijimin nan naku mai karyayyen ƙaho?” Tsoho ya gyara zama ya fara tarihin bijimin. Haka ta bi su. Baba Malam ya gane, don na ga yana ɓoye dariya a gemu, har yana tuna mata: “Ba ki gaida Alhaji na ƙarshen can ba, ai shi ya yanka ragon sunanki.” Ma'aji ya yi gyaran murya ya fi a ƙirga. Da ta iso kansa, shi ta fi daɗewa.

A ciki kuwa rubutu ya tsaya. Yaya ta mayar da kati. Ta ce, “Auta, ke za ki kalla, ni ba zan iya ba.” Ta kunna. Na sa ido a bakin ƙofar wayar. Na ji lugude ya sake tashi a bayan katanga. Sai 'yar fitilar ta yi ƙyaf. Ta sake. Ta shiga ƙyaftawa ba tsayawa.

Ban san na yi ihu ba sai da na ga kowa a waje ya waiwayo. Baba Malam ya ce, “Ashe tana da murya!”

Dattawa suka shigo, 'yan mata suka cika taga. Kwamfutocin duka suka nuna shafi ɗaya. Sa'ata aka ce ta fara, ta danna da yatsa ɗaya kamar mai taɓa wuta, ta nemo zuciya. Ga ta nan a gabanta, ja, tana motsi, jini na shiga yana fita. Ta dafe ƙirjinta ta ce, “Haka tawa take yi yanzu?” Wani dattijo daga gidan masu nono ya tambaya ko akwai na shanu, aka nuna masa cikin saniya, ya ce wannan kam gaskiya ne, ya sha gani a mahauta. Ma'aji yana baya, hannu a goye. Can ya matso ya ce a hankali, “Injiniya, akwai yadda ake hana ƙwari cin masara a buhu?” Akwai. Ya ja benci ya zauna, wata ƙaramar yarinya tana karanta masa. Babu wanda ya tsaya yanke hukunci. Baba Malam dai ya leƙa waje ya ce wa mai amalanke ya kai buhunan zauren gidansa, ya miƙa wa malamar 'yan matan mukullin ɗakin.

A Gammo muka kwana. Da safe aka cika mana buhu da gyaɗa da kuɓewa busasshiya da kwalbar man shanu. Sa'ata ta raka mu har bakin gari tana lissafa mini sassan zuciya, ta ce in na dawo za ta gwada ni. A hanyar dawowa ruwan kwarin ya janye, ba mu sauka ba. A mota cinyata babu kwali, sai na rasa inda zan sa hannuwana.

Abin da na koyo a tafiyar nan ba shi da yawa, amma ya zauna mini. Abin da babu shi daban, abin da ya lalace daban, kuma kafin mutum ya dafe kai ya kamata ya leƙa ya ga wanne ne. Na koyi cewa sabon abu a kwali ba lallai ya zama ɗan'uwan wanda ka sani ba, ko mai kanti ya rantse. Na kuma gane kallon da nake yi shiru-shiru ba zaman banza ba ne, in dai zan buɗe baki a lokacin da ya dace.

Mun iso Gwarzo da hantsi. Ko mayafi Inna ba ta cire ba ta wuce ɗaki, ta fito da sauran kwalayen na Masanawa, ta dire su a tabarma, ta ɗora reza a kai.

Yaya ta ce, “Inna, malamin can fa? Bisimillarsa?”

“Ni ma na iya bisimilla. Ku gwada, in kun gama na naɗe shi yadda ko mai kantin ba zai gane ba.” Ta yanka na farko da kanta, ta ɗago allon, ta miƙo shi ta saman kan Yaya. “Auta, zo ki duba mana. Akwai shinkafar ko babu?”

Na karɓa na juya shi wajen hasken taga. Ga ta nan tana ƙyalli.